Lauyan Gida ko Lauyan Gari: Zaɓin Direban da Aka Kama a Wata Jiha

Duk mai motar da ke sauke kaya a Kudu ya san irin wannan wayar. Takan shigo da asuba ko tsakar dare, muryar direba ƙasa-ƙasa: "Alhaji, sun riƙe mota, sun ce gobe kotu." Kafin a ajiye waya shawarwari sun fara zuwa. Wannan ya ce a tura na goro a wuce wurin, wancan ya ce a kira Barista na nan unguwa ya hau jirgi, wani kuma ya ce ai shugaban ƙungiya na kasuwar Mile 12 da ke Legas babu wanda bai sani ba. Kowace a cikinsu akwai inda take aiki, akwai kuma inda za ta ƙara dagula lamarin. Kafin a ɗauki ko ɗaya, a tambayi direba abin da ke hannunsa. Tikitin tara ne, ko takardar tuhuma ce mai sunan kotu da ranar zama?

Lasin tuƙi ɗaya ne a Najeriya, wanda aka yi a Katsina yana aiki a Fatakwal, shi ya sa mutane ke ɗauka dokar hanya ma ɗaya ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita kam dokarta ta 2007 ɗaya ce a ko'ina, kuma jadawalin tarar da aka daɗe ana aiki da shi bai bambanta Sakkwato da Kalaba ba: rashin ɗaura bel naira 2,000, gudun wuce ƙa'ida 3,000, amsa waya ana tuƙi 4,000, lodin wuce kima 10,000, tuƙin ganganci 50,000. Amma da zarar ka sauka daga babban titi ka shiga gari, ka shiga hannun dokar jiha da hukumarta, KAROTA a Kano, KASTLEA a Kaduna, OYRTMA a Oyo, TRACE a Ogun, LASTMA a Legas. Gudun da FRSC ke cin tarar 3,000 a kai, gwamnatin Legas ta sanar a farkon 2025 cewa idan kyamararta ta ɗauke ka 50,000 za ka biya, tsallake danja kuma 20,000. Wanda ya fi duka zafi shi ne bin wan-we, wato bin hannun da ba naka ba. A ƙarƙashin dokar sufurin Legas ta 2018 hukuncinsa ya haɗa da ɗauri da mallaka wa gwamnati motar. Ba barazana ce kawai ba: a watan Satumba na 2022 an yi gwanjon motoci 134 a Ikeja, har aka ga masu su suna kuka suna taya abinsu da kuɗinsu.

Akwai wani misali da ya kamata direbobi su riƙe. A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa jami'an VIO na birnin, masu duba lafiyar motoci, ba su da ikon tsayar da mota, ko kama ta, ko cin tara. Labarin ya zaga WhatsApp ɗin kowace tasha. Ba a daɗe ba gwamnatin Legas ta fito ta ce nata jami'an da dokar jiha suke aiki, hukuncin bai shafe su ba. Direban da ya tsaya a Ojota yana karanto wa jami'i hukuncin Abuja, lokacinsa kawai yake ɓatawa. Haka kuma shari'ar laifi a inda aka ce an aikata shi ake yinta. Babu lauyan da zai ɗauko maka ita daga Ikeja ya kawo ta kotun Noman's Land da ke Kano don sauƙin zirga-zirga.

Idan tikiti ne na ƙaramin laifi, babu wanda ya ji ciwo, ba a kuma yi maganar kwace mota ba, ni dai ban ga dalilin neman lauya ba. Biya ta banki ko ta Remita, karɓi rasit, karɓi takardunka, kama hanya. Ko da kana ganin an zalunce ka, yi lissafin abin da tirela ke kawowa a yini guda, ka ɗora kuɗin ajiya da ke hawa kullum idan mota ta kwana a harabar hukuma, ka ɗora tumatirin da ke narkewa a kwando ko shanun da ke ramewa a bodi, sannan ka kwatanta da naira 4,000. Sai dai a san cewa biyan tara amsa laifi ne, kuma a tsarin FRSC yawancin laifuffuka akwai makin da ake rubuta wa lasin. Idan kuma tikitin ya biyo bayan karo ne, musamman da mota mai tsada, kada a yi gaggawar biya kafin a ji ta bakin lauya da kamfanin inshora, domin ɗaya ɓangaren zai iya ɗaga wannan takardar gobe ya ce ga shi kai da kanka ka yarda.

Na goro a bakin titi ba zan daɗe a kansa ba. Babu rasit, babu abin da zai hana na gaba ya sake tare ka a kan laifin, kuma yunƙurin ba jami'in FRSC cin hanci laifi ne mai zaman kansa a jadawalin nan. Masu rakuɓewa a ƙofar harabar da ake ajiye motoci suna cewa "kawo mu shiga mu gyara maka" kuwa, yawanci abin da za su gyara shi ne aljihunsu.

Inda zaɓin gaske yake farawa shi ne kotu, har da kotun tafi-da-gidanka. Mutane na raina ta saboda a ƙarƙashin rumfa ko cikin mota take zama, alhali majistare ne na gaske a kan kujerar, kuma hukuncinsa hukunci ne. Ga yadda abin yakan kasance. An jero mutum talatin ko fiye, magatakarda yana karanta tuhuma da Turanci da sauri, ya ɗago ya tambaya an amsa ko ba a amsa ba. Direbanmu ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba, rabin maganar bai ji ba, tarbiyyarsa kuma ta gida ce, idan babba ya yi faɗa haƙuri ake ba shi. Sai ya rusuna ya ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe." Wani daga gefe ya fassara da cewa ya amsa. Cikin minti biyu an gama, kuma idan tuhumar ta wan-we ce, motar Alhaji ta tafi.

Tsarin mulkin 1999 ya tanadi abin da zai hana haka. Sashe na 36(6) ya ce dole a faɗa wa wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, a ba shi isasshen lokacin shirya kariya, a bar shi ya ɗauki lauyan da yake so, a kuma samo masa tafinta kyauta. Don haka jumla biyu ya kamata kowane direba ya haddace, ko da gurɓataccen Turanci ne: ina son tafinta, ina son lokaci in nemo lauya. Amma a faɗi gaskiya, "ban amsa ba" ma da tsadarta. Ita ce ke buɗe maganar beli, da ɗage zama, da dawowa Legas duk ranar da aka sa. Wanda ya tabbata tara ce kaɗai a gabansa, kuma ya san nawa ce, zai iya tsaya wa kansa ya amsa ya roƙi sassauci, ya ambaci cewa karon farko ne, baƙo ne, ga iyali. Wanda bai san iyakar hukuncin ba kada ya amsa komai. Bayan an amsa, ƙofar ɗaukaka ƙara takan ƙuntata ƙwarai.

To an yanke za a ɗauki lauya. Na gida ko na can?

Ta fuskar doka babu shamaki. Ba kamar Amurka ba inda kowace jiha ke ba da nata izinin, a Najeriya duk lauyan da aka rantsar kuma sunansa ke rajistar Kotun Ƙoli zai iya tsayawa a kowace kotu. Kuma abin da ke jan zuciyar mai mota zuwa ga lauyan gida ba ƙarami ba ne. Ka san ofishinsa, ka san gidan iyayensa, idan ya yi maka ba daidai ba ka san wanda za ka kai wa ƙara. Zai zauna da direba su yi magana da Hausa, ya ji ainihin abin da ya faru, ya gane bambancin "na kauce wa rami" da "na bi hannun da ba nawa ba", bambancin da shari'ar gaba ɗaya za ta iya rataya a kansa. Kuɗin aikinsa ma yakan fi sauƙi, domin ko a tsarin mafi ƙarancin kuɗin lauyoyi da aka fitar a 2023, Legas da Abuja ne a sahun mafi tsada.

Matsalarsa hanya ce. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma shari'a ba zama ɗaya ba ce. Kowane zama kuɗin jirgi, masauki, abinci, da yini biyu na aikinsa da ya bari. Sai ya isa a ce majistare ya tafi taro, ko ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ce shaidarsa bai zo ba, a ɗage zuwa wata mai zuwa. A 2021 yajin aikin ma'aikatan shari'a ya rufe kotunan ƙasar nan sama da wata biyu. Bayan zuwa biyu ko uku, abin da yakan faru shi ne Barista ya kira wani abokin karatunsa a can ya ce ya riƙe masa zaman. Wannan halas ne a aikinsu, amma duba inda ka tsaya: kana biyan mutum biyu, wanda ke gaban alƙali kuma bai taɓa ganin direbanka ba sai a ranar. Ga kuma bambancin doka. Lauyan da ya saba da Final Kod, kundin dokokin laifuffuka na Arewa, zai tarar da Kiriminal Kod a yawancin jihohin Kudu, a Legas kuma dokar laifuffuka ta jihar ta 2011. Dokar tafiyar da shari'ar laifi ta tarayya ta 2015 a Abuja da kotunan tarayya take aiki, kowace jiha da tata. Lauya mai ƙwazo zai karanta ya gane cikin dare ɗaya. Abin da ba zai samu a littafi ba shi ne wane teburi fayil ke kwana a kai.

Nan ne lauyan gari ya yi masa nisa, da ɗan gari akan ci gari. Ya san magatakarda, ya san ranar da kotun ke jin roƙon beli, ya san irin mai tsayawar da wannan majistaren ke karɓa. Ya san yadda ake rubuta takardar neman a saki mota bisa alkawarin kawo ta duk ranar da aka buƙata, wanda ga mai mota sau da yawa ya fi komai muhimmanci, don shari'a za ta iya shekara amma mota ba ta iya shekara a ajiye. Ya san ko mai gabatar da ƙara zai yarda a sauko da tuhuma daga mai nauyi zuwa mai sauƙi a madadin amsa laifi, tsarin da Legas ta sa a dokarta tun 2007, dokar tarayya ta 2015 kuma ta zo da shi a sashe na 270. A wasu ƙananan laifuffuka doka ta ba majistare damar ɗauke wa wanda ake tuhuma zuwa da kansa idan lauya zai tsaya masa. Dama ce ta alƙali, ba haƙƙin direba ba, kuma wanda ya saba da kotun shi ya fi sanin ko roƙon zai karɓu. Idan aka ɗage zama, shi asararsa kuɗin mota ne zuwa ofis.

Haɗarinsa shi ne ba ka san shi ba, kuma shi ya san ba ka san kowa ba. A harabar kotunan majistare akwai waɗanda ake wa laƙabi da lauyoyin caji da beli, masu jiran a sauko da mutane daga motar 'yan sanda su tare su. A cikinsu akwai masu aiki tsakani da Allah, kuma wajen fitar da mutum a ranar farko sun ƙware. Akwai kuma wanda da ya karɓi kuɗin beli lambarsa ta daina shiga, akwai ma wanda ba lauya ba ne, baƙar kwat ce kawai. Tantancewar ba ta da wuya. Nemi cikakken sunansa da lambar rajistarsa ta Kotun Ƙoli, duba ko takardun da ya shigar suna ɗauke da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA mai sunansa, tambayi reshen da yake, Ikeja ne ko Ikorodu ko Badagry, sa wani naka ya je ya ga ofishin da idonsa. Kuɗi kuma a raba shi a rubuce: nawa ne na beli, nawa ne na fitar da mota, nawa ne na shari'a har ƙarshe, akwai kuɗin kowane zama ko babu. Duk wanda ya ce a ƙara wani abu "na alƙali", a tattara a bar shi.

Da za a tambaye ni, lauyan gari ne zai tsaya a kotu, lauyan gida kuma aikinsa ya nemo shi ya sa masa ido. Barista na unguwa ya fi ka sanin wanda zai kira a Legas ko Badun ko Lakwaja, kuma lauya ba ya yi wa ɗan'uwansa lauya irin wasan da zai yi wa baƙon direba. A tura masa hoton takardar tuhuma da duk abin da aka shigar, a biya shi kuɗin shawara, ya zauna a gida. Hawa jirginsa sai idan lamarin ya kai ga rai, ko motar da kayanta sun kai darajar da kuɗin tafiya ba komai ba ne a kansu.

Akwai abin da lauyoyin biyu ba za su iya ba, shi ne tsaya wa direba. Kotunan Legas sun saba gindaya cewa mai tsayawa ya kasance mazaunin yankin kotun, mai aikin yi, mai shaidar biyan haraji ga jihar, kuma a je a tabbatar da adireshinsa. Direban da ya zo daga Funtua jiya ina zai samo wannan? Mutum yakan samu beli a baki amma ya yi makonni a gidan yarin Kirikiri ko na Ikoyi saboda ba a cika sharaɗi ba. Nan ne amfanin ƙungiya yake, NURTW ko RTEAN, NARTO ga masu manyan motoci, reshen direbobin tanka na NUPENG ga masu dakon mai, da kuma fadar Sarkin Hausawa a Agege ko Idi-Araba, ko Sabo a Badun da Shagamu. Su ke da 'yan kasuwar da suka shekara talatin a garin, masu shago da takardar haraji. Su ne kuma za su raka ka wajen wanda aka buge wa mota a sasanta gyara cikin mutunci. Mace ma doka ta yarda ta tsaya wa mutum, kada a ce sai namiji. Iyakarsu ita ce ba sa magana a gaban alƙali, kuma sun fi karkata ga "a kashe maganar" ko da a inda direba ke da gaskiya. Masu tsayawar haya da ake samu a bakin kotu a guje su, idan aka gano takardunsu na bogi ne belin zai rushe a kan direba. Wanda kuma dattijon zango ya tsaya masa ya samu ya koma Arewa ya kashe waya, ya sani za a ba da takardar kama shi, a ci dattijon kuɗin da ya sa hannu a kai, gobe kuma idan aka kamo wani Bahaushen babu mai fitowa.

Wanda ba shi da hali, musamman direban da mai mota ya juya wa baya, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, mai ofis a kowace jiha, an kuma yi ta ne domin wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba. Legas na da nata ofishin lauyoyin kare marasa ƙarfi tun 2000, hedikwatarsa a Surulere. Lauyoyi ne na gaske kuma 'yan gari, sai dai fayil ya yi musu yawa, dole a samu ɗan'uwa mai bibiya. Ga wanda ke tsare sun dace. Ga mai son a fitar masa da tirela cikin kwana uku, ba nan ba ne.

Idan an rasa rai, duk lissafin sauƙi ya tashi. Direba ya kai kansa caji ofis mafi kusa, don tsira daga fushin jama'a da kuma don kada a ce ya gudu. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya, ya kuma ce a kai shi kotu cikin yini ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Kada ya sa hannu ko ya dangwala a kan bayanin da ba a karanta masa da Hausa ba. Dokar manyan titunan tarayya ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga wanda tuƙin gangancinsa ya jawo mutuwa, idan kuma aka rubuta kisa ba da niyya ba, shari'ar ta Babbar Kotu ce. Majistare zai tura mutum gidan yari ne kawai, fayil ya tafi ofishin daraktan gabatar da ƙararraki na jiha a jira shawara, kuma a wannan jiran ne watanni ke wucewa. Bin wannan fayil ofis-ofis da neman beli a Babbar Kotu aikin mai zama a garin ne. A gida mun saba idan dangin mamaci suka ce sun yafe, ko aka daidaita a kan diyya, magana takan mutu. A can ma zuwa gaisuwa da ɗaukar nauyin asibiti da jana'iza suna da tasiri sosai, amma ƙarar ta gwamnati ce, kuma ikon janye ta na Antoni Janar na jihar ne a ƙarƙashin sashe na 211 na tsarin mulki. Duk abin da aka ba dangi a ba su a rubuce, gaban lauya da shaidu. Idan kuma direba ya tsere, doka ta hana a riƙe yaron mota ko mai mota a madadinsa.

A sanar da kamfanin inshora tun ranar farko. Daga Janairun 2023 inshorar kare na waje, wato mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ta ƙaramar mota ta koma naira 15,000 tana biyan ɓarnar dukiya har miliyan 3, ta manyan motocin dako kuma 100,000 tana biya har miliyan 5. Wannan idan takardar ta gaske ce, ba irin wadda ake haɗawa a gindin bishiya kusa da ofishin lasin ba. Ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan inshora na NIID kafin a yi lodi.

Ranar da aka gama, kada murna ta sa a tafi hannu rabbana. A karɓi kwafin hukunci ko umarnin kotu mai hatimi, da rasit ɗin tara, da takardar sakin mota, da lasin da duk takardun da aka riƙe. Mai niyyar ɗaukaka ƙara ya faɗa wa lauya a ranar, domin daga kotun majistare zuwa Babbar Kotu galibi kwana 30 ne. Kafin a sa hannu cewa an karɓi mota lafiya, direba ya zaga ta da makaniki, ya duba batir da safaya da jak da tamfol, ya leƙa tanki, ya ɗauki hoto.